Ruwan Jego Daga Famfo

Ɗorawar Malamai,
ta Ɗambatta.

Zuwa ga ɗana kuma ɗalibina, Injiniya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta fi ƙwayar geron da ke rumbunan bana, da fatan alheri irin wanda uba ke yi wa ɗa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan sana'a. Idan ka tambayi tawa lafiyar, sai hamdala. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, sanyi kuma ya soma leƙo mu da asuba.

Ka yi mini afuwa bisa wannan kutse da na yi cikin lokacinka, alhali na san mai sana'a ba shi da rarar yini. Na kuma san za ka ce me ya hana Malam ya buga waya. Dalili biyu ne. Na ɗaya, a garin nan waya ba ta kamawa sai mutum ya tsaya a gindin ɗorawar bakin masallaci, inda duk abin da ya faɗa sai ya riga shi isa gida. Na biyu, maganar waya iska ce, ni kuwa abin da zan tambaya ina son amsarsa a rubuce, in ajiye a gabana ina bi layi-layi. Shi ya sa na ba Sabo direba wannan ya sauke maka a shago.

Ka tuna tukunyar nan ta lantarki, wadda kuke kira hita, da ka kafa mana a banɗaki lokacin da ciwon suga ya kwantar da mai ɗakina, marigayiya Furera, Allah Ya jiƙanta. Tana nan tana aiki, ba ta yoyo, ba ta ƙara. Aibinta ɗaya: ruwan da take bayarwa ɗumi ne kawai, irin na shayin da aka zuba wa baƙo ya tsaya surutu. Ko an yini da wuta, idan na buɗe famfo sai in tara hannu in yi ta jira, tururi ba ya tashi. Shekaranjiya ina tsaye a gabanta waɗannan baitoci suka zo mini:

Na murɗa famfo ina jiran tururi,
Ya ba ni ɗumi, ya hana ni zafi.
Gidan da babu hayaƙi da safe,
Ashe ruwansa ma ba shi da ƙarfi.

Ba don kaina nake nema ba, ɗumin ya ishe ni alwala. Ga abin da ke tafe da ni. Akwai yarinyar nan ta wajena da ke aure a Kano, can wajen Dawanau. Ka san ta, kun zauna aji ɗaya a Islamiyya. Ba zan rubuta suna ba, don ita ce ta fari, mu kuwa mun tashi mun tarar uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kuma nuna wa duniya cewa ya damu da shi. To, Allah Ya ba ta rabo, kuma watan sauka ya matso. Ka san haihuwar fari gida ake zuwa wanka.

Makon jiya yayata Hure ta zo daga Bici. Muka gaisa a zaure, ta sha ruwa, sannan ta ce ta yanke shawara: tun da gidan nan babu mace, babu mai hura wuta ya dafa ruwan jego safe da yamma har a yi arba'in, ita za ta ɗauki yarinyar zuwa Bici. Na ce to. Me zan ce? Yaya ce, kuma maganar 'yar fari ce, wadda ko ambatonta bai kamace ni ba.

Amma Kamaruddeen, ɗakin uwarta yana nan yadda ta bar shi. Duk Juma'a sai na share shi, na kaɗe katifa, na buɗe taga ya sha iska. Ƙaninta yana karatu a Zariya, sai hutu nake ganinsa. Idan na taso daga makaranta na shigo, sallamata ni nake amsa wa kaina. Na daɗe ina sa rai cewa wata rana ɗakin nan zai ji kukan jariri. Idan aka yi wannan wanka a Bici, na biyu a ɗakin miji za a yi shi, shi ke nan gidan nan ya fita daga lissafi.

Sai na yi tunani, hujjar Yaya ɗaya ce, ruwan zafi. Idan har hitar nan za ta iya ba da tafasasshen ruwa daga famfo, ba itace, ba hayaƙi, ba wahalar kowa, to zan sami bakin da zan ce mata ga ruwa a gida. Saboda haka ina roƙonka ka bayyana mini dalla-dalla yadda ake ƙara mata zafi, wane wuri ake taɓawa, da wane ƙarfe.

Ina sauraron amsarka ta hannun Sabo. Ka gaishe da mai ɗakinka. Allah Ya yi wa sana'a albarka.

Malaminka mai yi maka addu'a,
Abdulhadi Ikrima.

*

Ƙofar Ruwa, Kano.

Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa tare da girmamawa. Takarda ta iso, na karanta sau biyu, na biyun don in ji daɗin Hausar. Amma Malam a daina ce mini injiniya, kada masu digiri su ji su kai ni ƙara. Mai haɗa famfo ne ni.

Hitar ba ta lalace ba. Ni na saita ta a haka da gangan. Lokacin da na zo kafawa, likita ya riga ya ce ƙafafun Inna Furera sun daina jin zafi, ruwa zai iya ƙona ta ba ta sani ba. Ita ta zauna a kujera a bakin ƙofa tana haska mini da tocila. Ina ƙarawa tana taɓa ruwan da gwiwar hannu, har ta ce ya isa haka. Ta ce in bar shi nan, wai ko ba don ita ba, Malam ma raki gare shi, kada ya zo alwala ya tara mata jama'a. A yi haƙuri, yadda ta faɗa na rubuta. Na sa ƙusa na ja layi a wurin don kada a manta.

Idan za a ƙara, ga yadda ake yi. A fara kashe makunnin bango, a kuma zare fulogi, ko da babu wuta, don ba ta sallama idan za ta dawo. A ƙarƙashin tukunyar akwai murfin roba da ƙusoshi biyu masu murɗi, sukundireba ƙarami zai kwance su. A ciki za a ga ɗan maɓalli kamar na ƙara muryar rediyo, da layin da na ja. A murɗa shi dama kaɗan, kamar faɗin ƙwayar wake. Kada a taɓa wayoyi, kada kuma a kai shi ƙarshe. A mayar da murfi, a kunna, a ba ta kamar tsakanin Azahar da La'asar.

Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata in faɗa. Hita ba ta tafasa ruwa, an yi ta ne ta kashe kanta kafin nan. Kuma taku ƙarama ce, cikinta bai fi bokiti biyu ba. Ruwan rijiyarku ma yana barin wani farin datti mai tauri a jikin ƙarfen da ke dafa ruwan, yana rage masa ƙarfi, sai na zo na wanke. Ga kuma halin wutar garinku. Mai jego ba za ta zauna jiran a kawo wuta ba.

Ko da mai ɗakina Bilkisu ta haihu bara, a asibiti sun ja mana kunne cewa kada ruwan wanka ya wuce abin da hannu zai jure, wai tsananin zafin nan na da yana yi wa mata illa. Ta faɗa wa kakarta, tsohuwa ta ce su likitocin da ruwan sanyi aka wanke iyayensu?

Ina da aiki a Kazaure, ba zan sami zuwa ba sai wata ya mutu. Malam, a gafarce ni idan na yi shisshigi: ita 'yar Malam ɗin, Khairiyya, ta san ana wannan shirin? Na haɗu da mijinta Najib a Dawanau, ya ce mini Bici za a kai ta, kamar magana ta ƙare.

Ɗalibinka,
Kamaruddeen.

*

Ɗorawar Malamai,
ta Ɗambatta.

Zuwa ga ɗana Kamaruddeen, wanda ya ƙi sarautar da na naɗa masa,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka. Bayan gaisuwa da godiya mai yawa bisa amsarka, wadda ta zo a tsare kamar kunyar gonar manomin kirki, ina sake neman afuwa, domin mai neman taimako kamar ɗigon rufi yake, ba ya sauka sau ɗaya.

Na bi abin da ka rubuta. Na kashe makunni, na zare fulogi, na ari sukundireba wurin mai gyaran keke, na kwance murfin. Sai ga layinka. Ban san da shi ba, Kamaruddeen. Shekara uku ina alwala da ruwan da aka auna mini da gwiwar hannu, ina tsammanin haka injin ya ga dama. Maganar raki kuwa, ta faɗe ta a gabana ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa cin gardamar ba. Na tsaya ina duban layin nan har wuyana ya gaji, na mayar da murfi ban taɓa komai ba. Haka na yi washegari. Gani nake kamar zan shiga ɗakinta in matsar da abin da ta ajiye.

A rana ta uku na tuna abin da nake nema, na yi bisimilla na murɗa. A nan ne na saɓa maka. Ka ce faɗin ƙwayar wake. Ni kuwa na ce a raina ruwan jego ba wasa ba ne, idan kaɗan na da amfani da yawa ya fi. Na kai shi inda ya tsaya da kansa.

Ran Laraba aka kawo wuta da hantsi, aka kuma bar ta. Bayan La'asar na buɗe famfo, sai ga tururi ya turnuƙe banɗaki har madubi ya rufe. Wallahi sai da na yi hamdala a bayyane. Sai kuma na ce, malami ba ya ba da fatawa a kan abin da bai tabbatar ba. Kafin in aika wa Yaya cewa ga ruwan jego a gida, ya kamata in san ko ya kai. Ban taɓa ganin yadda ake wankan ba, amma na sha jin sa. Lokacin da marigayiya ta haifi ƙanin yarinyar nan, ina zaune a zaure nakan jiyo ƙarar ganye yana sauka a jiki, da muryar tsohuwar da ke yi mata tana cewa ta daure.

Na fita na karyo rassan darbejiyar ƙofar gida. Maƙwabcina yana wucewa ya ce, “Malam, wa ya haihu?” Na ce na sauro ne, Allah Ya yafe mini. Na ɗaure su dami guda, na tara bokiti, na tuɓe riga, na tsoma ganyen har ya nutse, na ɗago na fyaɗa a gadon bayana.

Ba zan tsawaita ba. Da akwai jama'a kusa, da na tara su kamar yadda aka yi hasashe. Fatar ta ɗuri ruwa tun daga kafaɗa har tsakiyar baya. Ina da man ƙuna a ɗaki, ragowar na jinya. Na ɗauko na zauna bakin gado, na miƙa hannu ta sama, na miƙa ta ƙasa, wurin yana daidai inda hannun mutum ba ya kaiwa a jikinsa. Na daɗe zaune da maganin a tafina. Zafin ƙunar bai kai wannan ba.

Allah Ya yi baya a inda ido ba ya gani,
Don kowa ya san yana bukatar wani.

Dole na yafa mayafi na hau babur zuwa kemis a Ɗambatta. Mai kemis ɗin yana wanke wurin ya ciro ɗan ganye da ya manne, ya ɗaga shi yana dubawa, ya tambayi yadda aka yi. Ƙarya ɗaya ta ishe ni a yini, sai na gaya masa gaskiya. Ya yi ta tari yana juya mini baya. Yanzu a kife nake kwana, a aji kuma ba na jingina.

Ga abin da na gano game da ruwan. Bokitin farko wuta ne, na biyu da dama-dama, na uku kuwa kamar daga randa. Ka yi gaskiya, cikinta ƙarami ne. Saboda haka ina tambaya: akwai babbar da ta ninka wannan? Ko za a iya jera biyu, ɗaya ta safe ɗaya ta yamma? Idan kuma maganar wuta ce, na ji ana yin wadda rana ke dafawa a kan rufi. Ina da tumaki, kuma ba a kiwo don ado.

Ka tambaya ko ta sani. Ba ta sani ba. Takan bugo duk Juma'a bayan an sauko, in je gindin ɗorawa in amsa. Ta ce Baba ina wuni, in ce lafiya, yaya mutanen gidan. Ta ce suna lafiya. In ce madalla, a dage da addu'a. Sai in tsaya ina jin numfashinta, tana jin kukan awakin masallaci, har ɗayanmu ya ce sai anjima. Haka muka saba, haka kuma mahaifina ya yi da Yaya Hure.

Wannan labari na ƙuna ya tsaya tsakaninmu. Ina jiran shawararka.

Malaminka,
Abdulhadi Ikrima.

*

Kazaure.

Malam,

Sabo ya bar takardar a shago, aka kawo mini nan. Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Kada a fasa ƙurajen, kada kuma a shafa komai sai abin da mai kemis ya bayar.

Don Allah yau ɗin nan a zare fulogi a mayar da maɓallin baya. A ƙarshe ɗin nan da yake, ko babba zai iya ƙonewa, balle gidan da ake fatan shigowar jariri.

Akwai babba, akwai ta rana, duk ina kafawa. Amma ban taɓa yi wa Malam musu ba sai yau: ba zan kafa ba, kuma kada a sayar da tumaki. Ko na jera guda goma a bango, babu wadda za ta riƙe ganye. Da Bilkisu ta yi nata wankan, ni na sa mata hita da hannuna, amma kakarta ce ta zo ta zauna da mu har arba'in. Abin da Gwaggo Hure take nufi ke nan, ina gani.

Ni ban faɗa wa kowa ba. Sai dai Malam ya san kemis.

Ɗalibinka,
Kamaruddeen.

*

Bici.

Hadi,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyi, yaya jiki. Ni ban iya gaisuwar littafi ba, rubutun ma na yaƙi da jahilci ne, ka karanta da haƙuri. Na rubuto ne don na san idan na kira ka a waya, a gindin ɗorawa za ka tsaya kana ce mini to, to.

Ran Asabar na je suna nan bayan kasuwa. Ana cikin cin tuwo wata baƙuwa daga Ɗambatta, ƙanwar matar wani mai kemis, ta ce ku tsaya ku ji abin mamaki, a wajensu wani malami ya yi wankan jego bai haihu ba. Mata suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi, har na ce Allah Ya raya abin da aka samu. Sai wata ta tambayi garin, aka ce Ɗorawar Malamai, wanda matarsa ta rasu. Na ajiye lomar da ke hannuna na shiga ɗakin mai jego kamar zan ga jariri. A can na yi kukana.

Kai yanzu da girmanka da rawaninka? Wa ya ce maka haka ake yi? Ruwan jego ana sirka shi. Da gwiwar hannu ake gwadawa. Ganyen kuma idan an tsoma sai an kaɗe shi ya sha iska kafin ya taɓa jiki, ba a ɗauko shi yana zuba a maka wa mutum kamar ana dukan jaki ba. Kuma ba mai jego ke yi wa kanta ba a kwanakin farko. Wata ce ke tsayawa a kanta, ta gasa mata baya, ta dama mata kunu, ta karɓi jariri ta samu ta runtsa, ta kuma lura idan jiki ya canza a nufi asibiti. Da na ce babu mai dafa ruwa, ai dafa ruwan shi ne ƙaramin aiki. Kai da kake fassara wa mutane littattafai, wannan ɗaya ta gagare ka.

Yanzu bari in gaya maka nawa. Kana tsammani son raina ne in kai ta Bici? Gidan Zubair ɗana ne, ɗaki biyu, yara shida, inda zan shimfiɗa mata ma sai an fitar da buhunan gyaɗa. Ni ba miji gare ni ba balle a ce ba zan bar gida ba. Da ka ce Yaya zo ki zauna mana, da tuni na ɗaure kayana. Amma tun da aka share makoki ka rufe gidan nan. Kowa ya zo a zaure kake sallamarsa. Ni da muka fito ciki ɗaya, ran da na zo a zaure ka ba ni ruwa kamar mai tallan goro. Na kawo maganar Bici ina kallon fuskarka ko za ka musa, ka ce to. Sai na ce a raina, bawan Allah ba ya son a taɓa masa ɗakin matarsa, kada in ɗora masa hayaniyar mata da hayaƙi.

Na je Dawanau na duba Khairiyya. Ƙafa ta ɗan kumbura amma lafiya lau, tana zuwa awo. Tana haɗa kaya ba walwala. Ina naɗe mata zannuwa ta ce, “Gwaggo, da kika gaya wa Baba, me ya ce?” Na ce ya ce to. Ta ce, “To kawai?” Na ce to kawai. Sai ta tambaye ni ko babbar tukunyar Innarta tana nan a madafa, wadda aka dafa ruwan ƙaninta a ciki. Na ce ban sani ba, ban shiga ba. Sai ta juya tana neman abin da bai ɓata ba a cikin akwati.

Ka ce haka Baba ya yi da ni, na san za ka faɗa. Gaskiya ne, har ya koma ga Allah bai kira sunana ba. Amma lokacin gidanmu cike yake. Akwai kaka, akwai gwaggonni, akwai matan baffanni. Abin da bai iya faɗa ba, su suke faɗa mini: ubanki ya kasa cin tuwo tun da aka ce ba ki da lafiya, ubanki ne ya sayo wannan ya ce kada a ce shi ne. Furera ma ba ta kiran sunan yarinyar nan, amma duk wata sai kuka da daddawa sun isa Dawanau, yarinya ta san ana tunawa da ita. Alkunya ado ce idan akwai mai fassara ta. Kai yanzu wa ya rage maka? Famfo?

Najib ya ce ran Juma'a ta sama zai ɗauko mota ya kawo ta, don ba a son tafiya ta matse. Hanya biyu ce daga Dawanau, shi bai damu da wadda zai bi ba. Ni ba zan kai ta gidan da ba a kira ta ba, ba kuma zan je in zauna inda ba a ce in zo ba. Idan kana so, ka rubuto. Kada ka yi mini waƙa, ba na ganewa. Ka rubuta abin da zan miƙa mata ta gani da idonta, ta san hannun ubanta ne. Kada kuma ka ce mini yarinyar nan. Yara mata sun yi yawa a Kano, ban san wadda zan ɗauko ba.

Ka dinga zuwa ana wanke maka bayan. Allah Ya sawwaƙe.

Yayarka,
Hure.

*

Ɗorawar Malamai.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gode. Baya yana warkewa.

Na fara baiti uku na yage.

Na mayar da hitar kan layin da aka ja wa Furera. Ɗumin nan zai yi wa jariri daidai. Tukunyar tana nan, na fito da ita na wanke, ba ta huje ba. Na kafa duwatsun murhu a inda suke da, na sa an kawo itace da kara. Darbejiya kuma kin san ba ta ƙarewa, sai dai ni ba zan ƙara taɓa ta ba.

Ɗakin a buɗe yake. Ki zo, Yaya, ki shigo har ciki, ki zauna iyakar yadda kika ga dama. Ki matsar da duk abin da ya tare miki hanya.

Wannan layin na ƙasa shi za ki nuna mata.

Khairiyya, ki taho gida. Ina son ki zo.

Sabo zai kwana a Bici gobe, ya juyo jibi da sassafe. Don girman Allah kada ki bar shi ya taso hannu wofi. Ko kalma ɗaya ce ki rubuto, in san ko in jiƙa geron kunu.

Ƙaninki,
Abdulhadi.